Shaida Ga Waɗanda Jarrabawa Ta Bari A Baya: Aikin Ƙungiyar ASDAN A Ingila

A watan Agustan kowace shekara ake fitar da sakamakon jarrabawar GCSE a Ingila, wato jarrabawar da ɗalibai ke rubutawa suna da shekara 16, kuma a kowace shekara kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ba ya kaiwa mataki na 4 a darussan Turanci da lissafi duka biyun, alhali wannan mataki shi ne mafi ƙarancin abin da kwalejoji da masu ɗaukar ma'aikata suke karɓa a matsayin cin jarrabawa. Waɗannan yara sun shafe fiye da shekara goma suna sintiri tsakanin gida da makaranta, amma takardar da suke fita da ita ba ta bayyana komai game da su sai abin da suka kasa. A shekarar 2019 ƙungiyar shugabannin makarantu da kwalejoji ta ƙasar, wadda aka fi sani da ASCL, ta fitar da rahoton wani kwamiti da Roy Blatchford ya jagoranta, inda aka ja hankalin hukuma ga wannan sulusi na ɗalibai da tsarin ilimi ya yi watsi da su, waɗanda 'ya'yan talakawa da masu buƙata ta musamman suka fi yawa a cikinsu.

Tun kafin wannan rahoto da shekaru masu yawa akwai wata ƙungiyar taimako da ta mayar da waɗannan ɗalibai abin damuwarta, wato ASDAN, mai hedikwata a birnin Biristol da ke kudu maso yammacin Ingila. Aikinta shi ne tsara manhajoji da bayar da takardun shaida a kan dabarun zaman rayuwa, waɗanda suka haɗa da iya magana da mutane, aiki tare da wasu, sarrafa kuɗi, kula da lafiya, warware matsala da shirin shiga aiki. Tarihin wannan ƙungiya ya nuna cewa ana iya auna irin waɗannan dabaru a ba da shaida a kansu bisa gaskiya, ya kuma nuna yadda darajar shaidar ke zubewa da zarar an mayar da ita hanyar tara wa makaranta maki maimakon hanyar gina yaro.

Asalin ƙungiyar

ASDAN ta samo asali ne a shekarun 1980 daga wani aikin bincike da bunƙasa manhaja da aka gudanar a cibiyar ilimin da ta zama Jami'ar Yammacin Ingila a shekarar 1992, sannan a shekarun 1990 ta tsaya da ƙafarta a matsayin ƙungiyar taimako mai rajista. Zamanin da aka fara wannan aiki zamani ne mai tsanani ga matasan Birtaniya, domin a farkon 1982 yawan marasa aikin yi a ƙasar ya haura miliyan 3, masana'antun da a da suke ɗaukar yaro ɗan shekara 16 ba tare da tambayar takarda ba suna ta rufewa, ga shi kuma tun 1972 doka ta ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 16. Sakamakon haka ajujuwa suka cika da matasan da ba su ga alfanun abin da ake koya musu ba, malamai kuma suka shiga neman hanyar da za ta sa a ga ƙoƙarin da yaro yake yi a wajen littafi, a kuma rubuta shi.

Kasancewarta ƙungiyar taimako yana nufin cewa ba ta da masu hannun jari da ake raba wa riba, kuma duk rarar da ta samu dole ta koma cikin aikin da aka kafa ta dominsa, ƙarƙashin sa idon hukumar da ke kula da ƙungiyoyin taimako a Ingila da Wels. Ita kanta ba ta da ajujuwa, ba ta kuma koyar da ɗalibai kai tsaye. Makarantu, kwalejoji, makarantun masu nakasa, cibiyoyin matasa da wuraren koyon sana'a su ne suke yin rajista da ita, su biya kuɗin zama mamba, su sayi littattafan ɗalibai, su tura malamansu horo, sannan ita ta tantance aikin ta ba da takarda. Saboda tana cikin hukumomin da aka amince su ba da takardun shaida, tana ƙarƙashin dokokin Ofqual, hukumar da ke sa ido kan jarrabawa da takardun shaida a Ingila, wadda ta fara aiki da cikakken iko a 2010.

Ɗaliban da ake nufi

A tsarin ilimin Ingila, idan aka ce ɗalibi mara galihu ana nufin abu takamaimai da ake iya ƙirgawa. Ma'auni na farko shi ne cancantar samun abincin rana kyauta a makaranta, wanda ake ba 'ya'yan iyalai masu ƙaramin ƙarfi, kuma a shekarar 2024 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban makarantun gwamnati sun shiga wannan rukuni. Tun daga 2011 gwamnati take ba makarantu ƙarin kuɗi a kan kowane ɗalibi irin wannan, da kuma yaran da ke hannun hukuma saboda iyayensu ba za su iya riƙe su ba. Rukuni na biyu shi ne masu buƙatar ilimi ta musamman, waɗanda yawansu ya haura miliyan 1.6 a 2024, tun daga mai wahalar karatu da rubutu, da mai lalurar galahanga, har zuwa mai nakasa mai tsanani da ba ya iya magana. Akwai kuma waɗanda aka kora daga makaranta ko suka kasa zama a cikinta, aka mayar da su ƙananan cibiyoyi na musamman, da matasan da suka yi hijira zuwa ƙasar ba su iya Turanci ba.

Abin da ya haɗa waɗannan rukunoni shi ne cewa su ne suka fi faɗawa cikin matasan da ba sa karatu, ba sa aiki, ba sa kuma koyon sana'a, waɗanda a ƙarshen 2024 yawansu a Birtaniya, tsakanin 'yan shekara 16 zuwa 24, ya kusa miliyan ɗaya. Matashin da ya bar makaranta da tabbacin cewa shi ba ya iya komai yakan ji tsoron neman aiki tun kafin a hana shi, kuma wannan karayar zuciya ita ce abu na farko da manhajojin ASDAN suke ƙoƙarin magancewa.

Yadda ake gudanar da karatun

Ginshiƙin tsarin shi ne aikin gwaji, wato wani aiki na zahiri da ɗalibi zai zaɓa daga littafinsa tare da malaminsa, ya tsara yadda zai yi shi, ya aiwatar, sannan ya waiwaya ya duba abin da ya yi daidai da inda ya yi kuskure. A manhajojin bunƙasa kai, waɗanda suka fi yaɗuwa a makarantun sakandare, an kasa ayyukan zuwa fannoni kamar sadarwa, al'umma, wasanni, zaman dogaro da kai, muhalli, lissafin yau da kullum, lafiya, duniyar aiki, kimiyya da fasaha, da addinai da ɗabi'u. Kowace sa'a 10 ta aiki tana ba ɗalibi maki ɗaya, kuma da maki 6 ake samun shaidar tagulla, da 12 ta azurfa, da 18 ta zinariya, ta yadda ɗalibin da bai taɓa kammala komai ba yake ganin sakamakon ƙoƙarinsa cikin 'yan watanni, ba sai ya jira ƙarshen shekara biyu ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda aiki mai kama da ƙarami yake ɗauke da ilimi mai yawa. Ana iya ba ƙungiyar ɗalibai huɗu aikin shirya abincin rana na mutum shida da kuɗin da aka ƙayyade musu. Kafin su taɓa tukunya sai sun zauna sun amince da abin da za a dafa, sun bincika ko akwai wanda wani abinci yake cutar da shi, sun rubuta kayan cefane, sun kwatanta farashi a kantuna biyu, sun raba aiki a tsakaninsu, sun kuma rubuta wanda zai yi kaza da lokacin da zai gama. A ranar cefane suna iya tarar da cewa kuɗin bai kai ba, dole su rage wani abu ko su musanya shi, kuma wannan shawara da suka yanke a gaban kanta ita ce malamin zai rubuta a matsayin warware matsala. Bayan an ci an wanke kwanuka, kowane ɗalibi zai cike takardar waiwaye, ya faɗi abin da ya ɗauki nauyinsa, ko ya cika alkawari, da abin da zai sauya in an sake. Rasit ɗin kanti, jerin cefane, hotunan girki, takardar tsari da bayanin malamin da ya gani da idonsa, duk ana haɗa su a kundin hujjoji, wato fayil ɗin da ke tattare da shaidar duk abin da ɗalibin ya aikata.

Wannan kundi shi ne yake maye gurbin zauren jarrabawa. Malamin da ya koyar yana duba shi ya auna shi da sharuɗɗan da aka rubuta, wani malami a cikin makarantar ya sake dubawa don tabbatar da cewa ba a yi sassauci ko son kai ba, sannan masu tantancewa daga ƙungiyar su ɗauki samfurin kundayen su bincika kafin a ba da takarda. Akwai bambanci tsakanin manhajojin da ƙungiyar take ba da shaidarsu da sunanta kawai, da kuma takardun da ke cikin rajistar hukuma, waɗanda aka jera bisa matakan ƙasa: matakin shiga mai hawa uku, mataki na 1 da ya yi daidai da ƙananan sakamakon GCSE, mataki na 2 da ya yi daidai da manyansa, da mataki na 3 na masu shirin shiga jami'a. Takardar da ta fi shahara tsawon shekaru ita ce CoPE, wato shaidar ƙwarewar mutum wajen tafiyar da kansa, wadda a matakai na 1 da na 2 ta buƙaci aikin sa'a 120 da hujja a kan dabaru shida: aiki da wasu, inganta koyon kai, warware matsala, bincike, tattaunawa cikin rukuni da gabatar da jawabi.

Masu nakasa da auna ƙaramin ci gaba

Inda aikin ƙungiyar ya fi zurfi, kuma ba a cika jayayya a kansa ba, shi ne makarantun masu nakasar koyo. Har zuwa wata dokar ilimi ta 1970, akwai yara a Ingila da hukuma take ɗauka a matsayin waɗanda ba za su ilmantu ba, aka bar su a hannun hukumomin lafiya. Rahoton kwamitin Mary Warnock na 1978 da dokar ilimi ta 1981 suka kafa tunanin cewa a duba buƙatar yaro maimakon a laƙaba masa sunan cuta, sannan dokar yara da iyalai ta 2014 ta kawo tsarin da ke haɗa ilimi, lafiya da kulawa a takarda guda, tun daga haihuwa har shekara 25, tare da wajabta shirya matashi don zaman girma ta fuskar aiki, dogaro da kai, cuɗanya da jama'a da lafiya.

Manhajojin ASDAN na wannan rukuni suna karkasa aiki zuwa ƙananan matakai, kuma abin lura a cikinsu shi ne cewa ba a tsayawa ga tambayar ko ɗalibi ya yi ko bai yi ba, ana rubuta irin taimakon da ya buƙata kafin ya yi. Matashiyar da ake koya wa haɗa shayi tana iya farawa da malama ta riƙe hannunta tana zuba ruwa, bayan makonni ya zama nuni kawai ake yi mata da hannu, daga baya a tuna mata da baki, har ranar da za ta yi ita kaɗai ba wanda ya ce mata uffan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da alamarsa a littafinta, tare da kwanan wata da sa hannun wanda ya shaida. Babu jarrabawar takarda da za ta iya ganin wannan tafiya, alhali ga iyayen yarinyar ita ce amsar tambayar da ke hana su barci, wato yadda 'yarsu za ta rayu a bayansu. Haka ake bi wajen koyon hawa bas, gane kuɗi da karɓar canji, tsallaka titi, da sanin wanda za a kira idan an shiga matsala. Muhimmancin wannan yana ƙara fitowa idan aka tuna cewa a cikin manya masu nakasar koyo da hukumomin jin daɗin jama'a na Ingila suka san da su, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suke da aikin albashi.

Jadawalin makarantu da rahoton Wolf

Tun farkon shekarun 1990 gwamnati take wallafa jadawalin da ke jera makarantun Ingila bisa sakamakon ɗalibansu, kuma matsayin makaranta a wannan jadawali yana shafar sunanta, yawan ɗaliban da za ta samu, har ma da kujerar shugabanta. A shekarun 2000 aka buɗe ƙofa ga dubban takardun shaida da ba na GCSE ba, aka ba kowace makin da za a lissafa mata, inda CoPE ta mataki na 2 ta samu maki daidai da sakamakon B a GCSE bisa ma'aunin wancan lokaci. Niyyar ita ce a daraja ilimin da ba na littafi ba, amma abin da ya biyo baya shi ne cewa makarantu da dama sun gano hanya mai sauƙi ta ɗaga matsayinsu, suka riƙa tura ɗalibai masu rauni ga takardun da suka fi kawo maki ko da ba su ne suka fi amfanar yaran ba.

A shekarar 2010 sakataren ilimi Michael Gove ya ɗora wa Farfesa Alison Wolf aikin nazarin ilimin sana'a, kuma rahotonta, wanda ya fito a watan Maris na 2011 da shawarwari 27, ya bayyana cewa aƙalla matasa 350,000 'yan shekara 16 zuwa 19 suna bin kwasa-kwasan da ba sa tsinana musu komai a kasuwar aiki. Ta jaddada cewa Turanci da lissafi su ne takardun da suka fi buɗe ƙofa, don haka kautar da yaro daga gare su zalunci ne ko da an yi shi da sunan tausayi. Gwamnati ta karɓi shawarwarin, a farkon 2012 ta sanar da cewa daga jadawalin 2014 za a rage takardun da ake lissafawa daga fiye da 3,000 zuwa 125, kuma CoPE tana cikin waɗanda aka cire. Makarantu da yawa da suka rungume ta saboda maki suka sake ta nan take, aka bar ta a hannun waɗanda tun farko suka ɗauke ta saboda ɗalibansu.

Hujjar Wolf tana da ƙarfi, kuma duk mai kishin yaran talakawa dole ya yarda cewa ba a taimaki yaro ba idan aka ba shi takardar da mai ɗaukar aiki bai san ta ba, aka kuma sa ya ɗauka cewa daidai take da wadda ake nema. Sai dai gyaran ya haɗa mai kyau da mara kyau ya share. Wani bincike da Neil Harrison, David James da Kathryn Last suka gudanar, wanda ya yi amfani da bayanan ɗalibai fiye da rabin miliyan daga rumbun bayanan ɗalibai na ƙasa, ya gano cewa waɗanda suka yi CoPE a mataki na 2 sun fi takwarorinsu masu irin yanayinsu samun kyakkyawan sakamako a GCSE ta Turanci, kuma alfanun ya fi bayyana ga masu rauni da marasa galihu. Irin wannan bincike yana nuna alaƙa ne, ba ya tabbatar da cewa abu ɗaya ne ya haifar da ɗayan, kuma ASDAN ce ta nemi a yi shi, don haka ya kamata a karanta shi da taka-tsantsan. Duk da haka ya raunana zaton da ake yi cewa duk sa'ar da aka ba dabarun rayuwa an ƙwace ta ne daga karatu, domin yaron da ya koyi tsara aikinsa, ya saba tsayawa gaban mutane ya yi bayani, ya kuma ɗanɗana daɗin kammala abu, yakan koma ajin Turanci da wata zuciya dabam.

Iyakar abin da takarda za ta iya

Akwai rauni a tsarin kundin hujjoji wanda magoya bayansa na gaskiya ba sa ɓoyewa. Ingancinsa ya rataya ne a wuyan malami, domin a hannun malamin da aka horar, aka kuma ba shi lokaci, aikin gwaji yana fitar da ɗalibi zuwa kasuwa, tashar mota da wurin aiki, amma a hannun wanda aka jibga wa darasin don cike jadawali sai ya koma cike takardu da liƙa hotuna. Haka kuma takardar shaida ba ta ƙirƙirar aikin yi, ba ta kuma kawar da talaucin da yaro zai koma ya tarar a gida. Abin da za ta iya shi ne ta ba matashi abin da zai nuna ya kuma yi bayaninsa a gaban mai tantance shi, ta ba kwaleji dalilin karɓarsa, ta kuma riƙe shi cikin karatu a shekarun da ya fi sauƙin sulalewa, musamman tun da doka ta wajabta wa matasan Ingila ci gaba da karatu ko horo har shekara 18 daga 2015.

Wannan batu yana da alaƙa ta kai tsaye da ƙasashen Afirka ta Yamma da suka gaji tsarin jarrabawar Birtaniya. A Nijeriya, kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO shi ne mizanin da ake raba waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, kuma dubban ɗaruruwan matasa ne suke kammala sakandare kowace shekara ba su kai shi ba, ban da waɗanda ba su taɓa shiga ajin boko ba amma sun iya ɗinki, gyaran waya, kiwo ko lissafin kasuwa. Ƙasar tana da hukumar NABTEB mai shirya jarrabawar sana'a da kasuwanci, tana kuma da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE take kula da shi, wanda shi ma ya dogara ga auna abin da mutum ya iya yi a aikace. Abin da ya faru a Ingila gargaɗi ne ga masu tafiyar da waɗannan tsare-tsare cewa darajar irin wannan shaida tana zuwa ne daga tsantsar gaskiyar tantancewa da amincewar masu ɗaukar aiki, ba daga sanarwar hukuma cewa ta yi daidai da wata takarda ba.

Hukuncin da tarihin ASDAN ya kai mai nazari gare shi a bayyane yake. Kuskure ne a yi amfani da dabarun rayuwa a matsayin mafakar da ake tura yaran da makaranta ta fid da rai da su, kuma kuskure ne daidai da wannan a ɗauka cewa abin da ba a rubuta shi a zauren jarrabawa ba ba ilimi ba ne. Ɗalibi mara galihu yana da haƙƙin a koya masa karatu da lissafi da dukkan ƙarfin da ake da shi, yana kuma da haƙƙin a koya masa yadda zai tafiyar da rayuwarsa, a shaida abin da ya iya da gaskiya, ba ƙari ba ragi. Nauyi ne a kan hukumomin ilimi, shugabannin makarantu, malamai da masu ɗaukar ma'aikata su tabbatar da cewa babu yaron da zai shafe shekarun ƙuruciyarsa a makaranta ya fita ba shi da wata shaida sai ta faɗuwa.